LACCA A KAN WASANNI DA AL'ADUN KAKANNINMU A ƘASAR MAGARYA DA DUNGAS



Jama'a, ku sani wasannin kakanninmu makaranta ce. Idan kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, an cire gyaɗa, sai kalangu ya tashi a dandali. Samarin wannan gari su tafi wancan kokowa, daga Bande har Waca, wanda aka kayar kuwa ya ci tuwo a gidan wanda ya kayar da shi. Yara na langa, kowa riƙe da ƙafa guda. 'Yan mata na gaɗa a farin wata. Dattawa na dara a gindin bishiya, gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12. Da dare tsohuwa ta ce ga ta nan ga ta nanku, yaro ya koyi wayon Gizo da ƙarshen mai haɗama. Watan azumi kuma ga tashe.

To, mene ne amfanin wannan duka? Dandalin da ke tara samari wasa shi ne ke tara su aiki. Sarkin samari ya yi kira, a fita gayya, a nome gonar gajiyayye kafin azahar, makaɗi na bin su, ladansu fura. Haka wasan taubasai ke kashe husuma kafin ta kai gaban sarki, har UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya a 2014. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata ba ta hana mutanen Magarya zuwa bikin danginsu a Daura ba.

Yau fa? Kokowa ta ci gaba, tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975. Amma cirani ya kwashe samari, wayar hannu ta kashe hirar dare, gayya ta koma ƙwadago. Wanda ba shi da kuɗi, wa zai nome masa?

Saboda haka muna roƙon kowane mai gari ya farfaɗo da gayya a daminar bana, malaman makaranta su rubuta tatsuniyoyi daga bakin tsofaffi tun suna raye. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.