Amsoshin Wasiƙunku: Jan Ruwan Sama Daga Ina Yake?

Wasiƙarmu ta yau ta fito daga wani malamin firamare a Kaura Namoda, kuma mun sami irinta daga Shinkafi da Zurmi. Ya ce ruwan farko na bana ya sauka ja-ja a cikin randa, mutane suka tsorata, wasu na cewa jini ne. Ya kuma ji an ce a Indiya an taɓa yin irinsa, aka sami halittu daga wata duniya a ciki. Shin gaskiya ne?

To Malam, mun gode. Namu na nan gida yawanci ƙura ce. Iskar da ke gaban hadari takan kwashi jar ƙasa ta yi sama da ita, ruwa ya wanko ta. Ɗebi ruwan a kwalba ka ajiye ya kwana, da safe za ka ga laka ta kwanta a ƙasa.

Na Indiya kuwa an yi shi. A jihar Kerala, daga Yuli zuwa Satumba 2001, an yi ta samun jan ruwa har yana ɓata tufafi. Da aka duba shi da madubin ƙara girma, sai aka ga ƙananan ƙwayoyi jajaye masu kama da na abu mai rai. Wani masani, Godfrey Louis, ya wallafa a 2006 cewa wataƙila tauraro mai wutsiya ne ya zubo su. Amma masu binciken gwamnatin Indiya sun riga sun reni ƙwayoyin a ɗakin gwaji, suka tsiro, sai ga wata gansakuka mai suna Trentepohlia, wadda ke manne a jikin itatuwa da duwatsun yankin. A 2015 gwajin ƙwayoyin gado ya ƙara tabbatar da haka. Ashe baƙon ɗan gida ne.

Me ya sa masana suka damu? Domin akwai fannin ilimi mai neman ko akwai rai a wajen duniyarmu, kuma ƙa'idarsa ita ce sai ka kore duk abin da ke nan ƙasa kafin ka ce abu daga sama yake.

Ga misali kusa da ku. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami, ƙasar Katsina. A 1995 aka auna iskar da ta maƙale cikinsa, ta dace da wadda kumbon Viking na Amurka ya auna a duniyar Mas a 1976. Wannan kam daga Mas yake, amma ba a sami rai a cikinsa ba. Har yau ba a tabbatar da halitta ko ɗaya daga wata duniya ba.

Saboda haka Malam, ka kwantar wa mutane da hankali. Sai dai a bar ruwan farko ya wanke kwano da indararo kafin a tara, wanda aka tara kuma a tace a tafasa kafin yara su sha. Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa, a huta lafiya.