Shanyar soɓorodo: yadda za mu tsare jan launinshi

Jawabin malamin lakkwal gaban taron ƙungiya, Filinge



Iyayena dattawa, iyayena mata, yayyena da ƙannena da kunka zo daga Yamai, da ku waɗanda takardar ga za ta iske Akara, Kumasi, Abijan ko Kwatanu, ina gaishe ku gaba ɗaya. Shugabanni sun ba ni izini in yi magana bisa yakuwa. Wani zai ce mi ya kai taron manya ga zancen yakuwa. Kuɗi ne sunka kai shi. Matanmu na shuka ta gefen gonakin hatsi, daga Shikal har Tunfalis. Ganye ya shiga miya, ƴaƴa su zama daddawar batso, jan kwanson kuwa, wato soɓorodo, a shanya a kai kasuwar Lahadi. Da kuɗinshi ake sayen sabulu, da magani, da littafin yaro. To, mata biyu na iya kawo tiya guda guda daga gona ɗaya, a saye na ɗaya da daraja, a taya na ɗayar da wulaƙanci. Gona ba ta da laifi. Wurin shanya anka rabu.

Abin da muke renawa nan, duniya na biɗarshi. Mutanen Gana na ce mishi sobolo, Senegal bisap, Sudan karkade. Daga kasuwar Maigatari, bakin iyakarmu da jihar Jigawa, ana loda buhunanshi har su ƙetare teku zuwa Meziko, inda ake shan ruwanshi kamar yadda muke sha. Jamus ma na saye don shayi. Dukansu abu guda suke fara dubawa, shi ne launi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Soɓorodon da ya koma ƙasa-ƙasa ko baƙi ya riga ya faɗa ma mai saye cewa ruwanshi ba zai yi kyau ba.

Jan nan wani sinadari ne da masana ke kira antosiyanin. Yana da saurin ɓaci. Kowa na iya gwadawa gida: ku jiƙa soɓorodo cikin ƙoƙo biyu, ku sa kanwa kaɗan cikin ɗaya, ku matsa lemun tsami cikin ɗayan. Mai kanwa zai rikiɗe ya yi duhu, mai lemu zai ƙara ja. Toka ma aikin kanwa take yi. Shi ya sa ba a shanya kusa da murhu ko juji.

Maƙiyanshi ukku ne.

Na farko rana mai zafi. Haske da zafi na cin launin kamar yadda suke koɗe zane da anka manta bisa igiya. Turawan da ke busar da furen da suke kira roz sun san haka, ɗaki mai duhu da iska suke rataye shi. Mu kuwa Allah ya ba mu hunturu daidai lokacin girbi. Iskar nan busassa ta isa aikin, in an ba ta hanya.

Na biyu laima. Launin na narkewa cikin ruwa. Raɓa ta sauka bisa shanya da dare, ta tafi da rabonta. In kuma an tara ɗanye tudu guda, ko an ƙulle shi cikin leda, sai ya yi gumi, ya yi hunhuna, ya baƙe.

Na ukku wurin shanya. Ƙasa na sa mishi rairayi da kashin awaki. Kwanon rufi na gasa shi, tsatsa kuma na ɓata launi. Bakin hanyar mota kuwa ƙura ce da hayaƙi.

Ga yadda ya kamata a yi. A tsinke kwanso mako biyu zuwa ukku bayan fure ya faɗi, tun yana da nama, kada a bari ya bushe bisa kara. A fidda ƙwallon cikinshi ranar da anka tsinke. A shimfiɗa tabarma mai tsabta bisa gadon kara, sama da ƙasa, ƙarƙashin rumfa wadda iska ke ratsawa. A baza shi da faɗi, kada wani ya hau wani. A riƙa juyawa safe da marece, a shigar da shi ɗaki kafin dare. Cikin mako guda ko ƙasa da haka zai bushe. Alamar ita ce in an murza ya karye da ƙara. In ya lanƙwashe, da saura. Sa'annan a zuba cikin buhu mai tsabta, ban da buhun taki ko na maganin ƙwari, a ɗora bisa itace cikin ɗaki mai duhu. Wannan dabara ita ce dai ta ganyen zogala da na kuka, in ana son su tsaya kore.

Iyayena mata, na san abin da ke ranku. Kusan kilo 10 na ɗanye ke ba da kilo 1 busasshe, kuma ganin tulin na raguwa yana da ciwo. Nan ne wasu ke kai shi kasuwa da sauran laima don ya cika tiya, ko su gauraya mai kyau da baƙi. Ɗan kasuwa in ya buɗe buhu Yamai ya iske hunhuna, ba zai tuna sunan wadda ta sayar mishi ba. Sunan garin zai riƙe, kuma baɗi kowa ya biya.

Saboda haka ina roƙon abu ukku. Dattawa, ku ba mata wuri kowace unguwa, a kafa rumfa, a kewaye ta saboda dabbobi. Ƴan uwa na bariki, cikin abin da kuke aikowa ku ware na tabarmi da sabbin buhuna. Kuɗin bai kai na ragon suna ba. Ku kuma tambayo muna farashi kasuwannin da kuke, domin mu daina sayarwa ido rufe. Mata kuwa ku ware ja daban, mai duhu daban, ku haɗa kayanku ku sayar tare.

Lokaci ma yana tare da mu. Azumi ya kama farkon Maris a 2025, tsakiyar Fabrairu a 2026, kuma kowace shekara yana ƙara matsowa kusa da kaka. Kowa ya san yadda ake biɗar soɓorodo don buɗa baki. Wadda ta shanya da kyau cikin Nuwamba ba za ta daɗe tana jira ba. Ya kamata rumfunan su tsaya kafin ƙarshen Oktoba, don haka ina so a yanke shawara yau, a rubuta wanda zai ɗauki mi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya maido matafiyanmu lafiya, ya zaunar da ƙasar Kurfai lafiya.