Jawabin malamin lakwal: wayar da ke bin poto har ƙasa



An ce in yi bayani bisa saniyar da ta mutu gindin poto a damanar bara. Wasu sun ce aradu ce. Da muka duba, sai muka iske an yanke wayar jan ƙarfe da ke bin poton har ƙasa.

Ga amfanin wannan waya. Kuran da ke shiga gidajenmu volt 220 ne, na manyan wayoyin sama kuwa dubbai ne. Ƙarfe yana ɗaukar wuta, poton siminti ma akwai ƙarfe cikinsa. In tangaran mai riƙe waya ya tsage, ko iska ta sa waya ta taɓa ƙarfe, sai poto duka ya ɗauki wuta, ido kuwa ba ya gani. Shi ya sa ma'aikata ke haɗa ƙarafan poto da jikin taransfo da waya guda, su kai ta ga sandar ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. Wuta ta samu hanya mai sauƙi, ta kwarara da yawa, na'urar tsaro ta yanke layin. In an sace wayar, hanyar da ta rage ita ce jikin wanda ya dafa.

Wutar da ta shiga ƙasa bazuwa take yi, ƙarfinta na raguwa da nisa. Saniya tana da tazara tsakanin ƙafafun gaba da na baya, sai wuta ta shiga ta nan ta fita ta can. Haka ta mutu ba tare da ta taɓa poton ba.

Roƙona uku ne. Na ɗaya, kada a ɗaure bisashe ko igiyar shanya ga poto, kada yara su yi wasa gindinsa, balle ƙasa na jiƙe. Na biyu, wanda ya ga an yanke wayar ya gaya wa maigari, a sanar da NIGELEC, kada wani ya ce zai gyara da kansa. Na uku, in waya ta faɗi, a tsaya nesa da ita metir 10. Wanda ta faɗi kusa da shi ya haɗe ƙafafunsa, ya ja su kaɗan-kaɗan har ya yi nisa.

Ku da ke birni, ku gaya wa samari: kuɗin jan ƙarfe ba ya biyan ran mutum.

Allah ya tsare mu, ya ba mu damana mai albarka.