Ba Kowane Saɓani Ne Ƙarya Ba

 Gaisuwa ta musamman gare ku matan Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam. Na san yanzu haka wata tana bakin murhu tana turara shinkafa, wata tana tsakar gida tana yanka tumatir ɗin shanya, rediyo na gefe. To, a ci gaba da aiki, a ara mini kunne.

Yau hirar tamu a kan wata rigima ce da kowaccenmu ta sani. Ranar zubi ta zagayo, kin ƙirga kuɗin adashi kin ba yarinya ta kai. Bayan mako biyu uwar adashi ta aiko ta ce ba ta ga zubinki na wancan mako ba. Ke ki rantse kin aika, ita ta rantse ba a kawo ba. Kafin a ankara an daina gaisawa, an hana yara shiga gidajen juna, zumuncin shekara ashirin ya lalace. Kowa ya tafi a kan cewa dole ɗaya ta yi ƙarya. 'Yar'uwa, sau da yawa babu maƙaryaciya a cikinku. Yadda ƙwaƙwalwar ɗan Adam take aiki ne ya haɗa ku faɗa.

Mu fara da yadda abu yake shiga kai. Ruwan da mazajenmu suke noman rani da shi daga madatsar Tiga yake tasowa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ya biyo babban kanal, ya rarrabu a ƙanana, amma ba ya shiga gonar kowa sai an buɗe masa ƙofa. Haka hankali yake. Ido yana ganin abubuwa barkatai, kunne yana ji, amma wanda kika buɗe wa ƙofar hankalinki shi ne kawai yake zama.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan. A 1999, a Jami'ar Harvard ta Amurka, Daniel Simons da Christopher Chabris sun nuna wa mutane fim na wasu matasa suna jefa wa juna ƙwallo, suka ce a ƙirga jifan masu fararen riguna. Ana cikin haka sai wani mai shigar goggon biri ya ratso tsakiyarsu, ya tsaya ya bugi ƙirji, ya wuce. Kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba sam, alhali idonsu na kan fim ɗin. Muna cewa gani ya kori ji, to ga shi ganin ma sai da hankali.

Yanzu ki auna uwar adashi. Tukunya na tafasa, goyo na kuka, mai sayen shinkafa ya yi sallama a soro, sai ga yarinyarki ta miƙa mata kuɗi. Ta karɓa ta cusa a ƙarƙashin filo. Hannunta ya karɓa, hankalinta bai karɓa ba. In ta ce ba ta tuna ba, gaskiyarta ta faɗa.

Abu na biyu, abin da kai yake iya riƙewa a lokaci ɗaya ba shi da yawa. A 1956 wani masani, George Miller, ya ce abu bakwai ne ko kusa da haka. Binciken baya-bayan nan ya nuna bai ma fi kamar huɗu ba. Shi ya sa lambar waya mai lamba 11 ba ta zama miki sai kin yanka ta gida uku. To ina ga yaro ɗan shekara takwas da kika ce ya biya gida biyar, ya karɓo bashin kwano biyu a nan, ya kai zubi can, ya sayo manja a hanya?

Abu na uku, mantuwa sauri gare ta. A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa bincikensa, inda ya riƙa haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana gwada kansa. Ya gano cewa fiye da rabin abin yana gudu cikin awa guda, daga nan sai zubewar ta rage sauri. Ya kuma gano cewa maimaitawa a rarrabe, yau kaɗan gobe kaɗan, ta fi a zauna a yi ta a rana ɗaya. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Shi ne dalilin da malaman allo ba sa barin ɗalibi ya wanke allonsa sai ya biya, kuma mahaddaci ba ya rabuwa da tilawa.

Na huɗun shi ne ya fi muhimmanci, ki saurara da kyau. Mukan ɗauka ƙwaƙwalwa rumbu ce, damin da ka ajiye shi za ka ɗauko. Ba haka ba ne. Duk lokacin da kika tuna abu, sake haɗa shi kike yi, kamar miyar da ake ɗorawa sabuwa kullum. Inda aka sami giɓi, sai kai ya cike da abin da aka saba. Tunda kowace Juma'a kina aika zubi, sai ki riƙa ganin kanki kina ƙirga kuɗin a wannan Juma'ar, alhali wataƙila hoton ta makon da ya gabace ta ne. Kuma za ki ji tabbaci a ranki har ki rantse. Jin tabbaci ba shi ne shaidar cewa haka aka yi ba.

Har maganar wani tana iya shiga cikin abin da kike tunawa. A 1974 wata masaniya a Amurka, Elizabeth Loftus, tare da John Palmer, sun nuna wa ɗalibai fim na karon motoci. Wasu aka tambaye su gudun motocin lokacin da suka bugi juna, wasu kuma aka ce lokacin da suka ragargaji juna. Bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Cikin 50 da aka yi wa tambaya da kalmar ragargaza, 16 suka ce sun gani. Cikin 50 na ɗaya kalmar, 7 kawai. Alhali babu gilashin da ya fashe a fim ɗin. Kalma ɗaya ce ta dasa musu shi.

To kin ga in kika tsare yarinya da tsawa kina cewa, "Ba a hannunta kika ba ta ba?" kin riga kin sa mata amsa a baki. Gobe da gaske za ta riƙa ganin hakan a kanta.

Mene ne abin yi? Na farko, in kuɗi ya zo, ki sauke abin da ke hannunki, ki ƙirga, ki faɗa da baki a gaban ɗan aiken: zubin wance, na wannan mako, naira kaza. Na biyu, ki rubuta nan take, kada ki ce sai an jima. Ba sai da boko ba. Ajami ya isa, zane da gawayi a bango ya isa, in kina da waya ki aika wa mai kuɗin saƙon murya cewa ya iso. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Na uku, kada saƙon yaro ya wuce biyu ko uku, kuma ki sa ya maimaita miki kafin ya fita. Na huɗu, in saɓani ya taso, ki kira yaron shi kaɗai cikin lalama ki ce ya ba ki labarin yadda aka yi tun daga fitarsa, kada ki sa masa baki.

Ban ce babu masu cin amana ba, akwai su. Amma kafin ki kira 'yar'uwarki maƙaryaciya, ki aika mata ki ce, "Yaya, ko dai ni ce na manta, ko ke. Mu duba tare." A ɗaga filo, a zazzage jaka, a duba cikin kwalla. Kuɗin adashi in ya ɓata ana mayar da shi a kakar tumatir ɗaya, amma maƙwabciyar da kika ƙaryata a gaban yara ba lallai ta sake sakin jiki da ke ba.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaishe da maigida da yara, a huta lafiya.