Lacca Kan Kuɗin Maganin Jirage Marasa Matuƙa

Cikin Disamba 2018 aka ce an ga wani ɗan jirgi maras matuƙi yana shawagi bisa filin jirgin saman Gatwick a Ingila. Aka rufe filin, fasinja wajen 140,000 suka yi cirko-cirko. Aka kira soja, har yau ba a san mai shi ba.

Mu ma abin ya iso mu, gama a 2024 'yan ta'adda sun kai wa soja hari da irinsa a Borno. To, a ƙera na'urar kakkaɓo su, ba mu ƙi ba. Amma fa kuɗin baitulmali ne, watau harajinku na kasuwa. A gaya mana nawa aka ware, wa aka ba kwangilar, ranar gwaji kuwa a kira mu mu gani.