Zauren kamfani: gilashi, rana da wanda ke jira

An ba ni minti talatin, don haka a yafe mini jera sunaye da muƙamai.

Maganata a kan ɗaki ɗaya ce tak: wanda mutum ke fara sa ƙafa idan ya shiga ofishin kamfani, ko banki, ko gidan inshora. Ni zaure nake ce masa, domin aikin zaure yake yi. Abin da na zo in faɗa kuwa, wasu a nan sun gaji da jin sa daga bakina: mafi yawan waɗanda muke tsarawa a Kano da Kaduna da Abuja, don kyamara muke tsara su, ba don mutumin da zai zauna a ciki minti arba'in yana jiran manaja ba.

Ba sai na koya wa kowa a ɗakin nan yadda gidan Bahaushe yake ba. Kun karanta littattafan Dmochowski da Moughtin a kan ginin gargajiya, wasunku ɗaliban Farfesa Hamman Tukur Sa'ad ne a Zariya, sauran kuma a cikin irin gidajen aka haife ku. Tuni kawai zan yi. Dakali na waje na kowa ne. Zaure na baƙo ne da almajiri da abokin ciniki. Shigifa sai wanda aka yarda da shi. Ƙofar shiga zaure da ta wucewa ciki ba sa kallon juna, don kada mai wucewa a titi ya hango cikin gida. Ba a rubuta wa kowa "an hana shiga" ba, ginin da kansa ke gaya wa mutum iyakarsa, kuma ba ya jin an wulaƙanta shi. A yau wannan aikin mun ɗora shi a wuyan mai gadi da sanda, da wata yarinya da aka ɓoye a bayan kanta mai tsawo har ƙirji.

Sai batun da ya fi damuna, wato gilashi.

Zauren gilashi yana da asali, kuma asalinsa ba nan ba ne. Lever House da aka gama a 1952 da Seagram a 1958, duka a birnin New York na Amurka, su ne suka koya wa kamfanonin duniya cewa alamar arziki ita ce bango mai nuna ciki. New York tana wajen digiri 41 arewa da tsakiyar duniya, kuma rabin shekara mutanenta neman rana suke yi. Kano tana digiri 12. A watan Afrilu zafinmu yakan kai digiri 40 a inuwa. Dubai ta kwaikwayi New York domin tana da wutar da za ta biya kuɗin kwaikwayon. Mu kuma muka kwaikwayi Dubai, da janareta a bayan gini.

Mu yi lissafi, tunda akwai masu riƙe da asusun kamfanoni a nan. Gilashin da ya kalli yamma, idan ba shi da inuwa, daga azahar zuwa bayan la'asar kowace murabba'in mita tasa tana iya shigo da zafin da ya kai wat 500. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, irin wadda kowa ya sani, zafin da take iya fitarwa bai wuce wat 3,500 ba. Ke nan murabba'in mita 7 na gilashi sun cinye na'ura guda sukutum, tun kafin mutum ɗaya ya shigo da zafin jikinsa, tun kafin a kunna fitila ko kwamfuta. To ɗauki zaure mai fuskar gilashi mita 10 a faɗi, mita 4 a tsawo, wanda ba wani abin mamaki ba ne a sababbin gine-ginenmu. Murabba'in mita 40 ke nan, wato na'ura kusan 6 ba su da aikin yi sai kokawa da ranar da mai zanen ginin ya gayyato da hannunsa. Kowace tana jan wuta fiye da kilowat ɗaya. A Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane yunit. Ku buga da kanku: a wancan farashin, kusan naira 1,500 duk awa, don bango ɗaya. Idan aka ɗauke wuta aka koma kan dizal, kun fi ni sanin inda kuɗin ke kaiwa.

Abin bai tsaya nan ba. Ku lura da abin da ke faruwa bayan wata shida da yanke kirtanin buɗe gini. Ma'aikatan zaure sun gaji da hasken da ke kashe musu ido, sai a sayo labule mai kauri a rufe gilashin daga sama har ƙasa. Ɗaki ya yi duhu, sai a kunna fitilu da tsakar rana. An biya kuɗin gilashi, an biya na labulen da zai rufe shi, ana biyan na wutar da za ta maye hasken da aka rufe, kuma zafin ya riga ya shigo, domin labulen yana ciki ne. Da hunturu kuma ƙura ta lulluɓe gilashin daga Disamba zuwa Fabrairu, a ɗauko yara da tsani da bokiti suna wanki kamar ba gobe. Gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine tun 2017, kuma ta yi iyaka ga yawan taga a jikin bango sai in an yi mata inuwa. Ina so jami'an da ke sa hannu a takardun izinin gini, na ga biyu ko uku a sahun gaba, su gaya mana yaushe rabon da su mayar da zane saboda wannan.

Maginin gargajiya bai san wat ba, amma ya san rana. Bangon tubali mai kauri yana shanye zafin yini ya riƙe, kafin ya ratso ciki dare ya yi. Taga ƙarama ce, can sama. Azara ba ta iya tsallaka fili mai faɗi, sai magina suka fito da bakan gizo da ɗaurin guga, rufi ya tashi sama ya zama tulluwa, iska mai zafi ta sami inda za ta hau ta bar mutane a ƙasa. Wanda ya taɓa shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, ko sorayen Gidan Makama a nan Kano da rana tsaka, jikinsa ya ba shi hujjar da ta fi tawa.

Na san amsar. Za a ce baƙin waje da masu zuba jari suna son su ga abin da suka saba gani, kuma laka ta talaka ce. Wanda ya taso daga Landan bai zo Kano don ya ga gilashi ba. Batun laka kuma, a je Dandaji a jihar Tawa ta Nijar a ga abin da Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka gama a 2018 da bulon ƙasa da aka matse da inji: sabon masallaci, da tsohon da aka mayar ɗakin karatu. Tsohon masallacin aikin Falke Barmou ne, maginin da masallacinsa na Yama ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Wasu kuma za su ce akwai gilashi mai ninki biyu da ke rage zafi. Akwai, da dala ake sayo shi, kuma idan ya tsage ba mai gyara shi a Sabon Gari.

Rigimata ta biyu da abokan aikina ce, waɗanda suka ji irin wannan magana suka ce sun karɓa. Yadda suka karɓa shi ne: a gina akwatin gilashin nan dai, a shimfiɗa tayil mai sheƙi, a yi silin mai hawa uku da fitilu masu launi, sannan a yanko dagin Arewa da roba a manna bayan kanta. Wai an girmama al'ada. Wannan kamar a ɗora wa mai kwat da wando rawani ne. Zanen da ake yi a fuskar gidajen Zariya da na unguwar Birni a Damagaram da hannu ake fitar da shi a jikin yaɓe tun yana ɗanye, bango da adonsa abu ɗaya ne. Ni da a ba ni zaure mai sanyi, mai tsari, ko zane ɗaya babu, ya fi mini dagi goma a kan tanda.

Yanzu ga abin da nake nema, kuma ba sabo ba ne a bakina.

A fara da mai jira. Kujerun nan masu laushi da mutum ke nutsewa a ciki, dattijo mai babbar riga ba ya tashi daga kansu sai an kama shi. Kujera ta zama mai tsayi daidai gwiwa, mai abin dafawa. A jera su rukuni-rukuni, yadda matar da ba ta son ta matsu tsakanin maza za ta sami gefenta ba tare da an kafa allo an ce nan na mata ne ba. A rage tsawon kanta, aƙalla gefe ɗaya, har mai zaune a keken guragu ya ga fuskar wanda yake magana da shi. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, to ai sai an ga fuskar. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman an sa mata hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara 5 su gyara, wa'adin ya cika a 2024. Har yau ana zana matakala bakwai a ƙofar banki, a garin da shan inna ta bar mana dubban mutane a kan keke. Na ga wani ofishi da ya yi gangara don cika sharaɗi, amma tsayuwarta ko mai ƙafa biyu sai ya dafa bango.

A sa ruwan sha inda baƙo zai gan shi ba sai ya roƙa ba. A tuna azahar da la'asar duk a lokacin aiki suke faɗowa: in ba a tanadi wurin alwala kusa ba, mutane za su yi ta a bakin ƙofa da buta, su shigo da jiƙaƙƙiyar ƙafa kan tayil mai santsi. Don haka daɓen zaure ya zama mai kaushi. Alamomin da ke nuna hanya a rubuta su da Hausa tare da Turanci. Wanda ya fi kowa kuɗi a layin nan wataƙila daga Kantin Kwari ko Dawanau ya fito.

Fuskar gini in da hali ta kalli arewa ko kudu. In fili ya tilasta ta kalli yamma, a yi mata baranda mai zurfi ko bango mai huda daga waje, a dasa darbejiya ko maɗaci a gabanta. Inuwa daga waje ake yin ta. Kayan ciki kuma, in za a yi ado, ga fatar Kano da Sakkwato, ga baƙin marinar Ƙofar Mata, ga masu saƙar tabarma da faifai. Saƙa da fata a bango suna kuma rage amsa-kuwwar da tayil da gilashi ke haddasawa, har mai magana da akawu ba sai duk ɗaki ya ji bashin da ake bin sa ba.

Ga sassan koyar da zanen gine-gine a Zariya da Bayero da Wudil kuwa: kada ɗalibi ya fita sai ya yi zango guda a hannun maginan gargajiya, ƙarƙashin Sarkin Magina in ya yarda, ya kwaɓa ƙasa, ya ɗaura bakan gizo. Masu kamfani kuma, duk mai zanen da ya kawo muku hoton zaure mai ƙyalli a kwamfuta, ku ce ya haɗo da takarda ɗaya: na'urar sanyi nawa ɗakin zai ci a watan Afrilu, kuma nawa ne kuɗin wutarta a shekara. Ya sa hannu a ƙasa.

Shugaban taro yana nuna mini agogo.