Balaga da Matsayinta a Karatun Mutanen Da



Ni a kusa da Ƙofar Ɗan Agundi na tashi. In mutum ya tsaya a bakin ƙofar nan ya fuskanci waje, ga hanyar da ta bi gefen ganuwa, ta wuce Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya har tsohuwar harabar jami'ar nan. In ya juya ya shiga gari kuwa, ba zai yi nisa ba zai tarar da zaure, malam bisa buzu, ɗalibai kewaye da shi, kowa da littafinsa yana jiran a zo kansa. Yawancinmu mun san hanyoyin nan biyu. Abin da na ke so in yi magana a kansa shi ne wani fanni da ake karantawa a zauren can, wanda mu da muka biyo hanyar waje muka bari a baya, watau balaga.

Bari in fara da littafin da kusan kowa a ɗakin nan ya taɓa riƙewa, Ahalari. Mun san shi da babin tsarki da salla, muka wuce zuwa Ishmawi da Iziyya. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa mai littafin, Shehu Abdurrahman al-Ahdari, mutumin ƙasar Aljeriya da ya rayu a ƙarni na 16, yana da waɗansu littattafai biyu da ake karantawa bayan an yi zurfi: Sullam a kan manɗiƙi, da Jauharul Maknun a kan balaga. Malamin da ya koya wa yaro alwala, shi ne kuma ya tanadar masa yadda zai auna hujja da yadda zai tsara magana in ya girma. A wurinsa duk tafarki ɗaya ne.

Wannan tsari kuwa ba mu kaɗai ke da shi ba. Girkawa da Rumawa sun ware waɗansu fannoni da suka ce su ne suka dace da ɗa, watau wanda ba bawa ba, mai bakin magana a taron gari. Wani marubuci ɗan Afirka ta Arewa, Martiyanus Kapela, ya jera su bakwai a ƙarni na 5, makarantun Turai suka bi jerin nan ɗaruruwan shekaru. Uku na farko su ne nahawu, manɗiƙi da balaga. Huɗu na baya lissafi, handasa, musiƙa da ilmin taurari. Ku dubi ukun farkon nan: nahawu ya gyara maka harshe, manɗiƙi ya gyara maka tunani, sa'an nan a miƙa maka balaga domin ka fita da su gaban jama'a. Haka a zauren Kano, ba a buɗe wa ɗalibi littafin balaga sai ya sha Ajuruma da Alfiyya, ya ɗanɗana lugga a Muƙama.

Asalin biyun dai ya bambanta. Ta Girkawa a kotu da majalisa ta tsiro, inda mutum ke kare kansa da bakinsa. Shi ya sa Aflaɗon ya yi mata kallon tuhuma, ya kwatanta ta da dabarar mai girki, wanda ke neman daɗin baki ba ruwansa da lafiyar ciki. Almajirinsa Aristotal ya ga ba yadda za a yi a rabu da ita, sai ya zauna ya tsara ta. Ya ce da abu uku ake rinjayar mai sauraro: amincin mai magana, halin da zuciyar mai ji ke ciki, da ƙarfin hujjar kanta. Ta Larabawa kuwa ta bunƙasa ne wajen neman gane dalilin da Alƙur'ani ya gagari masu fasahar Larabci. Abdulƙahir al-Jurjani, wanda ya rasu a 1078, ya kafa mata harsashi. Sakkaki ya tsara ta. Ƙazwini, wanda ya rasu a 1338, ya taƙaita a cikin Talhis. Suyuɗi ya mai da ita waƙe a Uƙudul Juman. Aka kasa ta uku: ma'ani, bayani da badi'i. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a garin nan wajen 1807 ya rubuta Liya'ul Hukkami, ya lissafa balaga cikin fannonin da ya karanta wurin malamansa a littafinsa Ida'un Nusuhi.

Da yawa suna zaton balaga ita ce ado da gwaninta, a yi ta jero manyan kalmomi har mai sauraro ya ɓata. Ado yana nan, amma shi ne kashi na uku, kuma shi ne mafi ƙanƙanta. Abin da malaman suka ce balaga, shi ne magana ta dace da halin da ake ciki. Darasi guda daga ilmin ma'ani ya isa misali, kuma shi ne ya fi kama raina. Sun ce mai sauraro iri uku ne. Akwai wanda bai san kome game da labarin ba, shi sai ka ce masa, "An yi ruwa a Gezawa." Akwai mai kokanto; shi sai ka ƙarfafa kaɗan, "Lalle an yi ruwa a Gezawa." Akwai mai musu, shi ne za ka haɗa masa da rantsuwa da shaida. In ka rantse wa na farko, ka jawo wa kanka zargi, domin zai ce me ya kawo rantsuwa ba a musa maka ba? In kuwa ka yi wa na uku magana sakaka, ka yi asarar yawunka. Na ji wani tsoho a unguwarmu yana yi wa ɗansa faɗa a kan haka, alhali bai taɓa jin sunan Sakkaki ba. Bahaushe yana da balagarsa: karin magana, habaici, zambo, kirari. Sa'ad da muka ce wani ya riga mu gidan gaskiya, ko tukunyar gidan wane ba ta sauka daga murhu, kinaya muka yi, ko mun san sunanta ko ba mu sani ba.

To, ina ruwan ma'aikacin gwamnati da wannan? Ku tuna abin da ya faru a jihar nan a shekarun da aka haifi yawancinmu. A 2003 aka dakatar da allurar rigakafin shan inna a Kano saboda raɗe-raɗin cewa an gurɓata maganin. Masana suna da hujja, suna da alƙaluma, suka yi ta maimaita su. Amma mutanen da ake yi wa bayanin ba su manta da gwajin wani magani da aka yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Masu musu ne, ana yi musu magana kamar waɗanda ba su da labari. Cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara suka shanye. Ba a koma allurar ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an samo maganin daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. Daga baya kuma sarakuna da malamai suka shiga gaba, har aka bayyana a 2020 cewa Nijeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Hujjar likitoci ba ta sauya ba tsakanin 2003 da 2004. Bakin da ya faɗe ta ne ya sauya, watau abu na farko cikin ukun Aristotal.

Na san za a ce mini ai wannan makami ne mai kaifi biyu, kuma gaskiya ne. Wanda ya iya rinjayar jama'a zuwa alheri ya iya kai su rami; muna ganin haka duk lokacin zaɓe, muna ji a rediyo, muna gani a wayoyinmu. Amsata ita ce mutanen da ba su taɓa barin balaga ta yi tafiya ita kaɗai ba, manɗiƙi suke ɗaura mata. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, har musayar baitoci ya yi da Suyuɗi yana kare karatun manɗiƙi sa'ad da Suyuɗi ya ce haramun ne. Kwintiliyan na Rum kuma ya shar'anta cewa mai jawabi sai ya kasance mutumin kirki tukuna. Sa'an nan wanda ya san inda ake saka kinaya da ƙarfafawa, shi ne zai fara ganewa in ana yi masa su.

Mu fa? An koya mana rubutun insha'i da Turanci, mun yi muhawara a sakandare da Turanci, muna haddace jumlolin da ba mu da niyyar faɗa wa kowa. Gobe a tura ɗayanmu ƙauye a matsayin malamin gona ko jami'in lafiya, ya tsaya a ƙofar gidan dagaci da takarda a hannu, yana fassara ta kalma bayan kalma, dattawa suna gyaɗa kai don kunya, ya tafi yana zaton an fahimta. Na taɓa halartar irin wannan taro, ban kuwa ga laifin saurayin ba, abin da aka ba shi ya kawo.

Roƙona ga ƙungiyar nan ƙarami ne. Cikin muhawarorin da mu ke shiryawa, a ware ɗaya kowane zango a yi ta da Hausa zalla. A ba kowane mai magana batu guda, ya faɗe shi sau uku: ga wanda bai sani ba, ga mai kokanto, ga mai musu. Alƙalan kuma a sa mutum ɗaya daga zaurukan cikin gari, wanda ya karanta Jauharul Maknun. Daga nan zuwa Ɗan Agundi kuɗin adaidaita sahu ne kawai, ni kuma na ɗauki nauyin zuwa in gayyato shi.

Malam Shugaba, na ga kana duban agogo.